Guraben da Na Bar wa Habila

Talata, 4 ga Safar, bayan Azahar

Shekara talatin da bakwai ina gardama da mutumin nan, ko sau ɗaya bai taɓa tsayawa na kayar da shi ba. Ba wai ya fi ni hujja ba ne. Wayo ne. Da ya ga na ƙure shi, sai ya karkata kai ya ce, "Shehi, ba kiran salla nake ji ba? Tashi maza, zan duba maka rumfa." In je in dawo, in tarar ya kwashe mini fatun da na shanya kada ruwa ya taɓa su, maganar da muke yi kuwa wai ya manta. Wannan zamba ce, na kuma rubuta ta a nan don ta zauna.

Habila nake nufi, mai gyaran keken ɗinki, wanda rumfarsa ke jingine da tawa a Ƙofar Wambai. Kirista ne, Bahaushe, daga wani ƙauye can wajen Malumfashi. Ni ne Sabo baduku, mutumin Koki tun kaka da kakanni. Shehin da yake ce mini tsiya ce, don ya san izu biyu na yi babana ya zaunar da ni kan fata. Ni ma Fasto nake ce masa, shi da ko wa'azin yara ba a taɓa ba shi ba. Bokon nan da nake jagwalgwalawa shi ya koya mini, a bayan kwalin allura, ina da 'ya'ya uku a lokacin. Har yau yana ce wa mutane wai ya fi shan wuya a kaina da kan duk kekunan Kano.

Yau kwana biyar rumfarsa a kulle. A littafin awon ƙafa nake rubutun nan, don ba ni da wanda zan yi wa magana.

Laraba, 5 ga Safar, da hantsi

Ranar Alhamis abin ya same shi. Yana kwance wani keke, sai sukudireba ta kuɓuce masa. Na ce, "Fasto, tsufa ya zo." Bai rama ba. A nan na san ba lafiya, don Habila bai taɓa barin magana ta wuce shi ba.

Jiya da yamma na je asibiti. 'Yarsa Rifkatu, malamar firamare, ita ke jinya, don uwarsu ta rasu shekara shida ke nan. Sunan ciwon ba zan rubuta shi ba. Hannun dama ba ya motsi, baki ya karkace, magana ba ta fita. Ido kuwa yana nan irin na da, mai neman tsokana.

Rifkatu ta ce, "Baba, ga Baba Sabo."

Na ce, "To, Fasto, yau dai ni ne da magana."

Ba wanda ya yi dariya. Gefen bakinsa na hagu ne kawai ya ɗan motsa. Na ce bari in nemo ruwa, na fita na tsaya ina kallon masu sayar da ayaba har aka kira Magariba.

Juma'a, 7 ga Safar, bayan an sauko daga masallaci

An sallame shi, yana gidansu a Sabon Gari. Rifkatu ta same ni a rumfa, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ajiye wani littafi mai shuɗin bango a kan bencina.

Ta ce, "Baba Sabo, ƙanen Baba zai zo ya tafi da shi ƙauye nan da sati uku, ranar Asabar. Amma kullum littafin nan yake nuna mini, yana buga katifa. In na ɗauke sai ya yi ta hawaye."

Na buɗe shafin farko. Ya rubuta: Domin jikokina, in an tambaye su abin da muka gaskata, su amsa ba da fushi ba. A ƙasa tambayoyi bakwai. Uku ya amsa, huɗu ba komai a gabansu. A gefen kowace kuma ya sa: Tambayar Sabo.

Na ce, "Au, sace mini tambayoyi ya yi? Yaushe ya nemi izinina?"

Ta ce, "Shi ya sa na zo. Fastonmu zai iya rubuta amsa, amma tasa zai rubuta. Ta Baba kai kaɗai ka sani. Ina so ya ga an gama kafin a tafi da shi."

Na ce, "Rifkatu, kin san da wa kike magana? Ni da furfurata in zauna in rubuta wa Kirista hujjar da zai kare kansa daga gare ni? Ɗauki abinki."

Ta ce, "To, Baba." Ta yi sallama ta tafi. Littafin kuwa ta bar shi. Halin ubanta sak.

Asabar, 8 ga Safar, da safe

Ban buɗe ba.

Lahadi, 9 ga Safar, bayan La'asar

Na buɗe, don in ga ƙaryar da ya yi mini.

Ta farko, da nake ce masa addinin Turawa ya ara. Ya rubuta cewa ba a Ingila aka haifi Almasihu ba, kuma akwai coci a Habasha tun Bature bai san hanyar ƙasar nan ba. Wai shi tuwon dawa ya tashe shi kamar ni, da Hausa yake addu'a, Allah kuma bai taɓa ce masa bai gane ba.

Ta biyu, da nake cewa an canza littafinsu. Ya ce a ɗauka kowane baduku daga Kano zuwa Zariya zuwa Katsina yana da kwalin da yake yanka takalmi a kai, iri ɗaya, sun gada. Wa zai bi su rumfa-rumfa ya karɓe ya sauya, alhali ko gaisawa wasunsu ba sa yi? Da sana'ata ya yi mini misali, marar kunya.

Ta uku, Allah uku. Ya ce su ba su taɓa cewa uku ba, ɗaya ne. Ya kawo tsohon misalinsa na keke: zaren sama, zaren ƙoshiya, da allura, amma ɗinkin ɗaya. Na tuna ranar da ya fara kawo shi. Na ce masa zare yana tsinkewa, allura tana karyewa, ka ji abin da kake kwatanta Ubangiji da shi? Na zaci zai ɓoye wannan. Sai ga shi a ƙasa: Sabo ya ce zare yana tsinkewa. Ya yi gaskiya. Ba misalin da zai ɗauki Allah, ku faɗa wa mai tambaya haka, kada ku ji kunya.

Ya yi gaskiya. A takarda ya iya faɗa. A gabana, ko sau ɗaya.

Litinin, 10 ga Safar, bayan Magariba

'Yardada, matata, ta ce, "Malam, kwana uku kana cin tuwo kana gunaguni. Ko ka rubuta masa ko ka mayar musu da abinsu, mu huta."

Na ce ba ruwanta da maganar malamai. Ta ce, "Wane malamin?"

Na tari Malam Zaharaddeen, limamin masallacin layinmu, bayan salla. A gabana aka haife shi, amma ya yi karatu. Na ce, "Malam, in mutum ya rubuta abin da wani ya ce, shi ya ce?"

Ya ce, "A'a, Baba. Mai kawo maganar wani ba shi ne mai ita ba, matuƙar zuciyarsa tana kan imaninta. Maganar wa za a rubuta?"

Na gaya masa. Ya shafa gemu. Ya ce, "Ni dai ba zan ba ka shawarar ka yi ba."

Na ce, "Hukunci na zo nema. Shawara ina da ita a gida, har ta yi mini yawa."

Laraba, 12 ga Safar, da hantsi

Na fara. Kafin in ankara hannuna ya rubuta Bismillah a saman shafin, a littafin Kirista. Gogewa kuma ba zan goge sunan Allah ba. Ta zauna. Jikokinsa su yi haƙuri.

Ta huɗu mai sauƙi ce, ganga da waƙa a wurin ibada. Amsar nan na san ta kamar sunana. Na rubuta: In ji Habila, wanda aka yafe wa babban laifi ba ya iya zama shiru. In ji Habila, annabawan da ma sun yabi Allah da kayan kiɗa. In ji Habila, ba ƙarar gangar ake ji a sama ba, zuciyar mai bugawa ake dubawa. Kowane layi sai da na sa masa in ji Habila, don mala'ikan da ke rubutu a kafaɗata kada ya ruɗe.

Ta biyar ce ta tsayar da ni. Yaya Allah zai haifi ɗa? Amsarsa na ji ta ya fi sau ɗari. Su ma in wani ya ce Allah ya yi aure ya haihu, saɓo ne a wurinsu. Abin da suke nufi, Kalmar Allah da take tare da shi tun fil azal ita ce ta zo ta zauna cikin mutane a jiki. Duk wannan na rubuta. Da na zo kan sunan da suke kiran Annabi Isa da shi, alaihissalam, sai biron ya tsaya. Na ce wa hannun, rubuta mana, ai in ji Habila ne. Ya ƙi. Hannun da ya shekara sittin yana huda fata da basilla.

Na auna faɗin yatsa uku na bar wurin fili, na ci gaba. Kafin in gama shafin guraben sun kai biyar.

Juma'a, 14 ga Safar, da yamma

Na shiga adaidaita na kai masa, da kunun gyaɗar da 'Yardada ta dama. Yana jingine da filo, an yi masa aski, ya rame. Na zauna na ce, "Fasto, saurara ka ji yadda ake rubutu." Ya hango Bismillar, ya zaro ido. Na ce, "Ita kaɗai ce gaskiya a shafin, ka bar ta."

Na fara karantawa. Da na zo gurbin farko na yi shiru, na tsallake. Sai ya buga katifa da hannun hagu. Na sake karantawa, na sake tsallakewa. Ya sake bugawa, har kofin ruwa ya faɗi.

Rifkatu ta ce, "Baba Sabo, kawo in cika."

Na ce, "Littafinki ne? Mai magana shi zai cika maganarsa." Na ɗora littafin a kan tire, na cusa masa biro a hannun hagu.

Ta ce, "Baba, mai motsa masa jiki sati guda tana fama, ko cokali ya ƙi riƙewa."

Na ce, "Cokali ai ba gardama ba ce."

Ya riƙe. Biron ya faɗi sau biyu, na ɗauko masa. Na juya ina kallon taga, don ba zan tsaya ina kallo ana rubuta abin ba. Ruwa ya sauko, ya ɗauke, bai gama ba. Da na juyo, kalma biyu ce, kamar kaza ta bi ta kan laka. Gumi ya jiƙa masa riga. Rifkatu ta toshe baki da mayafi ta fita.

Ya dube ni irin kallon da yake yi in ya tada keken da kowa ya ce ya mutu.

Na ce, "Kada ka yi murna, saura huɗu a shafin."

Lahadi, 16 ga Safar, da Azahar

Ba na zuwa ranar Lahadi, mutanen cocinsu ne ke cika ɗakin. Na zauna na sake kwafe ta huɗun a sabon shafi, na bar mata gurabe ita ma. 'Yardada ta leƙo, don ita ta yi makarantar manya ta mata, ta ce, "Malam, kalmar ganga ma haramun ce a rubuta?" Na ce biron ne ya ƙi. Ta ce, "Uhm."

Jiya ya cika uku. Da hannunsa ya sha kunun.

Talata, 18 ga Safar, bayan La'asar

Naziru, babban ɗana, ya zo rumfa. Bai zauna ba. Ya ce, "Baba, ana magana."

Na ce, "Su wa?"

Ya ce, "A kasuwa, a layi. Wai an ga littafin coci a hannunka, wai kullum kana Sabon Gari. Jiya wani ya tambaye ni ko har yanzu kana salla."

Na ce, "Wanda ya tambaya, in ya taɓa riga ni sahun gaba da Asuba, ya zo ya tambaye ni da bakinsa."

Ya ce, "Baba, yanzu fa ba da ba ne. Magana ɗaya a waya ta isa. Ka manta abin da ya faru a ƙofar gidanmu? Ni ban manta ba, ina cikin zaure ina ji."

Na ce ya fitar mini daga rumfa. Ya fita. Zancen waccan shekarar ba na yin sa, ba kuma zan rubuta shi ba.

Laraba, 19 ga Safar, da safe

Mutum biyu ba su amsa mini gaisuwa ba a ƙofar masallaci. Ɗayansu takalmin da na ɗinka ne a ƙafarsa.

Laraba, da yamma

Ina shirin tare adaidaita sai ga Naziru a kan babur, fuska a murtuke. Ya ce, "Hau. In dai sai ka je, ni zan riƙa kai ka. Ba kowane direba zai san inda kake zuwa ba." Na hau, muka isa. Ya ce a waje zai jira. Can sai ga shi ya shigo, ya durƙusa gaban gado ya ce, "Baba Habila, ya jiki?" Habila ya dafa masa kai. Shi ya koya masa hawan keke yana ƙarami.

Ta shida muka yi, ta gicciye. Ni abin da na tashi a kai, Allah bai bar annabinsa a hannun maƙiya ba, a kai kuma zan mutu. Na rubuta masa: In ji Habila, ba ƙwace ransa aka yi ba, shi ya bayar. Na tsaya nan. Na san akwai saura, amma na ce ai ni ma ina da haƙƙin in ci ɗaya.

Da na karanta, ya tsura mini ido. Na ce, "Shi ke nan." Ya buga katifa. Na ce, "Iyakar abin da kake cewa ke nan." Ya ɗaga yatsu uku, ya kai su har kusa da hancina. Rifkatu ta fashe da dariya, Naziru ya sunkuyar da kai yana ƙunshe tasa.

Na ƙara: In ji Habila, ba a kan itacen labarin ya ƙare ba. In da a nan ya ƙare, da ni ma na ce abin kunya ne. A rana ta uku, sai na bar gurbi. Ya cika. Kazar ta fara tafiya a kan layi.

Mutum ba baki, amma ba a isa a cuce shi ba. Ban ji daɗin abin da na yi ba, ban kuma gaya masa ba.

Juma'a, 21 ga Safar, bayan masallaci

Saura ta bakwai. Yaya wani zai ɗauki laifin wani? Na san amsar. Ba zan rubuta ba.

Asabar, 22 ga Safar, da hantsi

Na yanka jar fatar akuya na ɗinka wa littafin riga, da igiyar ɗaure biro. Ba don komai ba, bangon ne ya fara yagewa.

Lahadi, 23 ga Safar, da yamma

An wuni ana ruwa. Kafaɗar nan ta dama ta tashi, kamar kowace damina. 'Yardada tana shafa mini man zafi, sai ta ce, "Ita ce ta bakwan, ko?"

Na kawar da kai.

Ta ce, "Ni na dafa musu abinci kwana taran nan, ni na wanke maka jinin. In ba za ka rubuta ba, ba ni biron."

Na ce ta shafa a hankali.

Litinin, 24 ga Safar, da hantsi

Na rubuta. Ga yadda na sa:

In ji Habila, a shekarar da gari ya rikice ana neman irinmu, wani mutum a Koki ya shigar da ni da matata da 'ya'yana biyu ɗakin matarsa, kwana tara. Ranar da samari suka zo da sanduna, ya fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ba mai shiga. Dukan da aka zo yi mana a kansa ya sauka. Ba shi ake nema ba, ba wanda ya sa shi. In ji Habila, in baduku zai iya haka, kada a ce mini Allah ba zai iya ba.

Tun ranar da ya fara yi mini wannan misalin na hana shi. Ni ban ɗauki zunubin kowa ba. Kowa abin da ya aikata shi zai tarar, haka aka karantar da ni. Hayaniya ce ba na so a ƙofar gidana, shi ke nan. Wannan ma na rubuta a ƙasa, na sa in ji Sabo, yadda shi ma ya sa tawa a ta uku.

Inda sunan mutumin ya kamata ya shiga na bar gurbi. Ba da hannuna zan sa kaina cikin hujjar Kirista ba.

Talata, 25 ga Safar, da yamma

Ya cika. Harafi huɗu. Tun da ya kwanta bai yi rubutu mai kyau haka ba. Ya ƙara wani abu a gefe, ba a cikin gurbi ba, sai da Rifkatu ta karkata littafin sannan ta karanta: taurin kai.

Na ce, "An gama, Fasto. Bakwai cif. Kuma ko ɗaya ban yarda ba."

Ya yi dariyarsa ta gefe ɗaya har ya ƙware, sai da aka ba shi ruwa.

Laraba, 26 ga Safar, bayan Azahar

Rifkatu ta bugo. Jikin ya ƙara rikicewa da asuba, likita ya zo ya tafi. Ƙanensa ya iso daga ƙauye. Ba za a jira Asabar ba, jibi da sassafe za su tafi. Na ce ruwa ya lalata hanya, saurin me ake? Ta ce, "Baba Sabo, Baba Ƙarami ya ce gara ya kasance kusa da Mama."

Uwarta a can aka binne ta.

Na ce ba na jin ta sosai, na kashe wayar.

Alhamis, 27 ga Safar, da hantsi

Bayan Asuba na riƙe Malam Zaharaddeen. Na ce, "Malam, mutumin da ban taɓa kama shi da ƙarya ko cin amana ba, amma bai yi shahada ba, ina za a kai shi?"

Ya ce, "Baba, ka san abin da aka karantar da mu. Hukunci kuma na Allah ne. Ka roƙa masa shiriya tun yana numfashi." Yana magana yana kallon tabarma.

Alhamis, bayan La'asar

Na tarar da fastonsu a tsakar gida yana fitowa. Na tare shi. Na ce, "Ni fa? A wurinku ina za a kai ni?"

Ya ce, "Baba, hanya ɗaya muka sani, ita muke wa'azi. Amma ba mu ne masu shari'a ba." Shi ma ƙasa yake kallo. Duk sun yi karatu, duk ƙasa suke kallo.

Na shiga. Ya ƙara ƙanƙancewa a cikin gadon. Na buɗe shafin ƙarshe na rubuta a gabansa, na karanta masa da ƙarfi:

Tambaya ta takwas. Kai ka ce taka ce hanya, ni na ce tawa ce, ba wanda ya gusa. To ɗayanmu ya ɓata. In an tashe mu aka raba jama'a gida biyu, ina zan neme ka?

Wannan ban san amsarsa ba, don ban taɓa tambayarsa ba. Ba in ji Habilan da zan sa. Layi huɗu na bar masa.

Na sa masa biron. Ya ɗora bakin biron a kan takardar, ya daɗe. Ɗigo ɗaya ya yi. Sai ya saki biron ya kama mini wuyan hannu, ya riƙe da ƙarfin da ban san yana da sauransa ba. Na ce, "Wannan ba amsa ba ce." Bai saki ba. Naziru ya leƙo sau biyu ya koma.

Na ɗaure biron da igiyarsa, na ɗora masa littafin a ƙirji. Na ce wa Rifkatu ba wanda zai taɓa layin nan huɗu, ko ita, ko fasto.

Juma'a, 28 ga Safar, da safe

Sun tafi. Ban je ba, ina da takalmin da zan ƙarasa.

Lahadi, 30 ga Safar, bayan La'asar

Rifkatu ta ce sun isa lafiya. Na ce ya rubuta? Ta ce barci yake yawan yi, amma littafin yana ƙirjinsa, ba ya bari a ɗauke. Na ce ta gaya masa barci ba hujja ba ne. Ta sa masa wayar a kunne na faɗa da kaina. Numfashi kawai na ji.

Jiya wani tela ya kawo keke, ya ga rumfa a kulle, ya ce yaushe mai gyara zai dawo? Na ce ya ajiye, yana nan zuwa. Keken yana rumfata, na lulluɓe shi da buhu.

Talata, 2 ga Rabi'ul Awwal, da yamma

Bai rubuta ba.

Laraba, 3 ga Rabi'ul Awwal, da hantsi

Wayata ta yi ƙara sau uku tun safe, sunan Rifkatu. Ban ɗauka ba. Sai na ji ta Naziru ta yi ƙara a zaure. Ya daɗe. 'Yardada tana daka, ta tsaya. Yanzu ga shi ya shigo ya durƙusa a bakin ƙofa. Ya ce "Baba" sau biyu. Na ce ya jira, rubutu nake yi.

Ba Rifkatu na tambaya ba. Ba liman ba, ba fasto ba, sun faɗi tasu na ji. Kai na tambaya, Habila. Huɗu na ɗauke maka da hannuna, abin da ban yarda da shi ba na zauna na rubuta maka shi tsaf, aka yi ta magana a kaina ban fasa ba. Guda ɗaya tak na nema. Layi huɗu ne, ko kalma ɗaya ka sa na karɓa. Ina zan neme ka? Ga ni nan zaune, ba zan ɗago kai in dubi yaron nan ba sai ka amsa mini.